Saƙon da Ya Shiga Wayar Dattawa

Ranar da Muhammad Nur ya fara taka ofishin ƙungiyar manoma da ke Gwarzo, ruwa ne ya rako shi tun daga Kabo. Ya jingine babur a bakin ƙofa, ya shigo da sallama yana ɗiga, ya rungume jakar kwamfutarsa a ƙirji kamar mai gudu da jariri.

Zubaidatu ce kaɗai a ɗakin. Ta amsa sallamar, ta gyara mayafinta, ta ɗauko tsumma mai tsabta ta ajiye masa a bakin tebur. Bai goge fuskarsa ba. Sai da ya zaro kwamfutar, ya goge ta gaba da baya, ya kunna ya ga ta kama, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Malam, kai ma fa ka jiƙe," ta ce.

"Ni zan bushe da kaina. Ita kuwa in ta sha ruwa sai an kai ta Kano."

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga murmushinta, amma ya gani. Daga nan abin ya faro, kuma babu abin kunya a cikinsa. Allah ne ya halicci ido, shi ya halicci zuciya. Abin da mutum ya yi bayan kallon farko shi za a tambaye shi.

Aikin da ya haɗa su ba na wasa ba ne. Manhaja ce mai tura wa manoma saƙon waya: yaushe ake sa ran ruwa, yaushe ya kamata a yi shuka, a wace gona aka ga tsutsa. Mutanen Kutama da na Gude da na Gammo duk suna karɓa. Malama Jemimah ce ta faro ta. 'Yar kudancin Kaduna ce, shekararta goma sha biyar tana koyar da kwamfuta a Gwarzo, ita ta koyar da Zubaidatu tun tana sakandare. Da aikin ya fi ƙarfinsu su biyu, ta nemo Nur, ɗan Gammo, wanda ya koyi rubuta manhaja da kansa tsakanin noma da noma.

Duk rubutun manhajar a wani rumbu na intanet suke ajiye shi. Wanda ya yi gyara ya tura can, ya liƙa masa ɗan bayani na layi ɗaya ko biyu, don na bayansa ya san abin da aka taɓa.

"Ga damuwarmu," in ji Malama Jemimah da ta iso, tana nuna wata 'yar kwamfuta da ke kusurwa, haɗe da batirin sola. "Wannan ce ke tura wa manoma saƙo. Duk gyaran da muka yi sai ɗayanmu ya zo ya kwafo shi da hannu ya zuba mata. Ranar da muka manta, tsohon labari manoma ke samu."

"Sai mu ɗaura mata webhook," Nur ya ce. "Adireshinta za mu ba rumbun. Da zarar wani ya ajiye gyara, rumbun da kansa zai turo mata labari: wane ya gyara kaza, ga bayanin da ya rubuta. Ita kuma ta ɗauko sabon aikin, ta gwada shi, ta ci gaba da shi. Ba sai mun riƙa leƙawa muna tambaya ba."

Zubaidatu ta ɗago kai. "In wani ya gano adireshin ya turo mata ƙarya fa?"

Ya juyo ya dube ta da kyau. "Akwai kalmar sirri a tsakaninsu. Saƙon da bai zo da hatiminta ba, a waje zai tsaya."

"To, madalla."

Kafin la'asar sun gama. Ta yi ɗan gyara ta tura, 'yar kwamfutar ta ƙyafta fitila ta karɓa. Malama Jemimah ta tafa hannu ta ce Allah ya raba ta da wahala.

Wata biyar suka yi suna aiki tare. Nur yakan zo Gwarzo sau biyu a mako, sauran kwanakin daga gida yake turo nasa. Zubaidatu ta san zuwansa tun daga ƙarar babur. Ta lura ba ya katse ta in tana magana, kuma in ta kama masa kuskure yakan ce, "Gaskiyarki," ba tare da ya ɓata rai ba. Samarin da za su iya wannan ba su da yawa.

Sau ɗaya ya nemi lambar wayarta, ya ce saboda aiki.

"Duk abin da ya shafi aiki ka rubuta a rumbu, zan gani," ta ce. "Baba ya hana ni ba namiji lambata."

Mahaifin nata shi ne Malam Datti, mataimakin shugaban kwamitin dattawan ƙungiyar. Manomi ne, gonarsa na Kutama. Tun da mahaifiyarta ta rasu, shi da yayarsa Gwaggo suka raine ta. Bai hana ta karatu ba, bai hana ta aiki ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk mai son magana da 'yarsa ya turo manyansa tukuna. Wasu na cewa tsauri ne. Ba tsauri ba ne, uba ne ya san abin da ke hannunsa.

Akwai kuma Baƙo, sakataren ƙungiyar, mai guga a riga da turare. Ya daɗe yana kewaya teburin Zubaidatu da 'yan tambayoyin da ba ya buƙatar amsarsu. Zuwan Nur bai yi masa daɗi ba. A wani zaman kwamiti ya ce, "Yaran nan wuni suke a gaban kwamfuta, babu wanda ya san abin da suke yi. Ya kamata dattawa su riƙa gani."

Dattawa suka ce gaskiya ne. Malama Jemimah ba ta ga laifin haka ba, don ba ta da abin ɓoyewa. Ranar Litinin da yamma, bayan an tashi, ta zauna ta ƙara webhook na biyu: duk bayanin da aka liƙa wa gyara, 'yar kwamfutar ta tura shi ta saƙon waya ga dattawa goma sha biyu da sakatare. Ta yi niyyar gaya wa yaranta da safe. Da safen aka kira ta makaranta saboda jarrabawa, ta manta.

Ranar Laraba da hantsi Zubaidatu na zaune ita kaɗai a ofis. Kwana uku ke nan hadari ya rufe rana. Ta buɗe rumbu ta ga Nur ya turo gyara daga Gammo, ta danna bayanin kamar kullum.

"Na gyara saƙon shuka na Gammo. Zubaidatu, ba ni da lambarki, ba ni da wata hanya sai wannan. Tun ranar da kika ajiye min tsumma zuciyata ba ta zauna ba. Ina sonki, kuma aure nake nufi. In na yi laifi ki yafe min."

Ta karanta sau uku. Daɗi ta ji, ba ƙarami ba, don ta daɗe tana roƙon Allah a kan wannan magana ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ta rufe fuska da mayafi ta yi dariya ita kaɗai. Sannan ta nutsu, ta tuna 'yar waye ita.

Tana cikin rubuta amsa fankar ofis ta tsaya, alamar batirin sola ya ƙare. Ba ta damu ba, kwamfutarta na da caji, intanet kuma daga wayarta take ja. Ta liƙa amsarta a jikin wani ɗan gyara ta tura, ta kulle ofis ta tafi gida tana jin kamar ba ta taka ƙasa.

Da la'asar Malam Datti ya dawo daga gona. Bai nemi ruwa ba, bai cire takalmi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya kira ta da cikakken sunanta, ya miƙo mata 'yar wayarsa.

"Karanta min wannan. Da ƙarfi."

Ta duba. Kalmomin Nur ne, babu wadda ta ɓace. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ya aka yi ya zo nan?"

"Tambayar da za ki yi ke nan? Ba wayata kaɗai ba. Dattawa goma sha biyu. Ina tsakiyar gona Alhaji na Gude ya kira ni yana dariya, wai ashe manhajar har aure take haɗawa. Tun yaushe kuke wannan?"

"Wallahi Baba yau ne farko."

"Baƙo ya ce watanku biyar kuna rubuce-rubuce a wurin da babu mai gani."

"Aiki ne kawai. Kuma na ba shi amsa, Baba. Na ce masa ya turo manyansa."

"Saƙo ɗaya wayata ta karɓa. Nasa ya san hanya, naki ne ya ɓata?"

"Yana cikin rumbu, zan iya nuna maka."

"Ki je ki rubuta yanzu, ki nuna min gobe? Ni ban yi boko ba, amma ba yaro ba ne." Ya karɓi wayarsa. Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawa ciwo. "Shekara ashirin da uku ban taɓa kama ki da ƙarya ba, Zubaidatu. Shi ya sa na sake miki. Daga yau kin bar aikin nan."

Ba rasa aikin ne ya sa ta kuka ba. Uban da ke yarda da maganarta ba tare da rantsuwa ba, yau ta rantse bai yarda ba.

Kafin Juma'a saƙon ya zaga gari. Baƙo ya tura wa abokansa, su ma suka tura gaba. Mutane kuwa ba su da aikin da ya fi musu sauƙi kamar ƙara gishiri a maganar 'yar wani. A bakin famfo an ce wata biyar, a kasuwa ya zama shekara.

Nur ya turo baffansa daga Gammo da goro da ban haƙuri. Malam Datti ya karɓe shi a zaure, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gona da ruwa, sannan ya ce, "Wanda ya fara haura katanga ba na buɗe masa ƙofa. Ku gaida gida." Goron ma bai taɓa ba.

Bayan kwana biyu sai ga kawun Baƙo, shi ma da nasa goron. Malam Datti ba mai yi wa 'ya dole ba ne. Ya kira ta ya tambaye ta.

"Baba, ba na sonsa," ta ce, idonta a ƙasa.

"Shi ke nan, an wuce wurin. Amma wancan ma ki cire shi a ranki."

Ta tashi ta koma ɗakin Gwaggo. Daga Nur kuwa, tun komawar baffansa, babu ko motsi. Tun tana cewa kunya ce, har ta fara tunanin ko ya ga wahala ya janye. Wannan tunani ya fi komai cin ranta.

Rana ta takwas Malama Jemimah ta zo gidan, ta zauna a ɗakin Gwaggo ta kama hannun Zubaidatu.

"'Yata, ni na jawo. Ni na ɗaura abin ban gaya muku ba. Na je wurin Baba sau biyu, ya ce in bar maganar. Shi kuma Nur ya ce zai ajiye aikin, wai ya ɓata miki suna, ba shi da fuskar da zai kalle ki. Ko kwamfutar bai sake buɗewa ba."

"Bai buɗe ba?" Zubaidatu ta ɗago. "Ke nan bai ga amsata ba?"

"Bai gani ba."

Zubaidatu ta gyara zama. Kanta ya fara aiki kamar yadda ya saba.

"Malama, nasa ya je, nawa bai je ba. Ranar ina cikin rubutu batir ya mutu. Rumbun ya turo, bai tarar da kowa ba." Ta miƙe tsaye. "A shafin webhook akwai jerin duk saƙon da ya aika, da lokacin da ya aika, da wanda ya isa da wanda bai isa ba. Wannan jerin ba mu ke rubuta shi ba. Ni ba zan iya taɓa shi ba, ke ma haka."

Gwaggo, wadda ke tsince shinkafa a gefe, ta ajiye faranti. "Ni ban gane ko ɗaya ba. Abu ɗaya nake tambaya: akwai shaida ko babu?"

"Akwai, Gwaggo."

"To ku bar ni da Datti."

Da ya dawo masallaci ta tare shi a tsakar gida.

"Datti, ni na goya ka, ka yi min fitsari a baya ba sau ɗaya ba. Ranar Asabar za ka je ofishin nan."

"Yaya, maganar nan ta wuce."

"Ba ta wuce ba, yarinya na ramewa a gabana. Ka saurari Baƙo, ka saurari 'yan kasuwa, 'yarka ce kaɗai ba za ka saurara ba? In ƙarya take, ni zan fara yi mata hukunci. In kuwa gaskiya take, ka san abin da ke kanka."

Ranar Asabar da safe suka haɗu a ofis. Malam Datti ya zauna a kujerar tsakiya da sandarsa, Gwaggo a gefensa. Baƙo ya zo a matsayinsa na sakatare. Nur ya shigo a ƙarshe, ya rame, ya durƙusa ya gaida manya, bai yarda ya kalli inda Zubaidatu take ba.

Malama Jemimah za ta fara bayani, Malam Datti ya ɗaga hannu.

"An ce wata biyar suna rubutu. A karanta min duka, daga farko. Kai, mai rubutu, kai za ka karanta."

Nur ya buɗe kwamfuta, ya fara karantawa.

"Na gyara sunan Kutama, an rubuta shi da kuskure."

"Wuce."

"Na ƙara manoman Gude su arba'in. Na cire saƙon da ke zuwa sau biyu. Malam Nur, gyaranka na jiya ya karya gwaji, ka duba. Gaskiyarki, na gyara. Na sauya lokacin tura saƙo, kada ya faɗa lokacin sallar asuba."

Haka aka yi ta tafiya. Bayani ɗari uku da 'yan kai. Rana ta ɗaga, Gwaggo ta yi gyangyaɗi ta farka, ta ce, "In wannan ne soyayyar 'yan zamani, Allah ya ba su haƙuri." Baƙo sai gyara zama yake yana duba agogo. Malam Datti kuwa bai bari an tsallake ko layi ɗaya ba.

Da aka iso saƙon ranar Laraba, Nur ya tsaya.

"Wannan na ji shi, har na haddace," in ji Malam Datti. "Akwai wani a bayansa?"

Nur ya duba. Ya ga sunan Zubaidatu, ya karanta a zuci, ya ce, "Akwai nata."

"Wannan ai ko jiya za ta iya rubutawa," Baƙo ya yi saurin cewa.

"Baba, ka ba ni izini," Zubaidatu ta ce. Ta matso ta buɗe wani shafi, ta juya masa fuskar kwamfutar. Jeri ne dogo, kowane layi da alama koriya a gefensa, sai guda ɗaya mai ja. "Wannan rumbun ne da kansa yake rubuta duk saƙon da ya aika. Kore ya isa. Ga na Malam Nur, ƙarfe sha ɗaya da minti biyu. Duba wayarka."

Ya zaro wayar ya miƙa wa Malama Jemimah, ta nuna masa. Sha ɗaya da minti biyu.

"Jan fa?"

"Shi ne nawa. Sha ɗaya da minti ashirin, ranar nan dai. Ya taso, ya tarar batir ya mutu, ya tsaya a hanya. A lokacin kana gona, ni kuma ban san akwai mai gani ba sai shi."

Malam Datti ya daɗe yana kallon jan layin.

"Yana nan har yanzu?"

"Yana nan yadda ya taso. Ga wurin da ake dannawa a sake aika shi. Amma Baba, in aka danna, duk dattawan zai je wa."

"Ke kin san abin da ke ciki. Kina tsoron su gani?"

"A'a."

"To inda aka ɓata sunanki, nan za a wanke shi. Nuna min."

Ta ɗora masa yatsa a wurin. Yatsan manomi ne, mai kaushi, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya danna. 'Yar kwamfutar kusurwa ta ƙyafta fitila. Sai wayarsa ta yi ƙara, ta Baƙo ma ta yi a aljihu.

"Sakatare," Malam Datti ya ce, "kai ka iya karatu da yaɗawa. Karanta mana."

Baƙo ya karanta, murya ciki-ciki.

"Na gyara hasashen ruwan Kutama. Malam Nur, nan wurin aiki ne, kada ka sake rubuta irin wannan a nan. Gidanmu na Gwarzo, mahaifina na da rai, kuma ba na yin abin da zan ɓoye masa. In da gaske kake, ka turo manyanka. In ya amince, ni ba ni da ja."

Baƙo ya sauke wayar. Gwaggo ce ta fara magana, tana share ido da gefen zani. "Alhamdu lillahi. Tarbiyyata ba ta zube ba."

Malam Datti ya juya ga Baƙo. "Duk wanda ka tura wa na farko, ka tura masa wannan. Yau. Zan bi in tambaya." Baƙo ya ce to, ya fice. Mai yaɗa rabin labari ba ya son a ba shi sauran rabin ya kai, amma ya kai.

Nur ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Baba, laifin nawa ne ni kaɗai. Na san sharaɗinka. Tsoro ne ya hana ni turo manya, ina ganin ni ɗan ƙauye ne, za a ce ban kai ba. Sai na bi ta inda nake zaton babu mai gani. Ka yafe min."

"Ka yi wauta," Malam Datti ya ce, bai sassauta ba. "Wurin aikin jama'a ba dandalin zance ba ne. Kuma wanda ya ce maka akwai inda babu mai gani, ƙarya ya yi maka. Ni ma ɗan ƙauyen ne, da ka zo da ba ka ga wulaƙanci ba." Ya numfasa. "Amma na saurari rubutunka na wata biyar. Ban ji kalmar banza ko ɗaya ba. Ranar da ka zame ma, aure ka ambata. Ka ce wa baffanka ya dawo da goron nan."

Baffan ya dawo ranar Litinin, aka karɓi goro. Da Nur ya zo gaisuwa, Malam Datti ya sa Gwaggo ta kawo takarda, ya karanto lambar wayar 'yarsa da bakinsa, Nur ya rubuta. Zubaidatu ta koma aikinta. Malama Jemimah ta kafa doka: duk wanda ya ɗaura sabon webhook ya rubuta a allon ofis inda yake zuwa, kafin ya tashi daga kujera.

Saƙon farko ya shigo wayar Zubaidatu da hantsi, tana shara.

"Assalamu alaikum, Zubaina. Wannan karon na duba sau uku, ke kaɗai zai je wa. Na gode da ba ki yi fushi da wautata ba. Na gode wa Allah da ya sa kin fi ni hankali."

Ta jingine tsintsiya ta amsa.

"Wa alaikumus salam, Nurina. Na yi fushi, kwana da kwanaki ka bar ni ina zaton ka gudu. Amma na huce. Ka ci abinci, Gwaggo ta ce ka zama kamar karan dawa."

"Ki ce wa Gwaggo in aka ba ni ke, cikin wata guda zan cika ƙofa."

"Za ka faɗa mata da bakinka, ni babu ruwana."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Datti. Mutanen Gammo suka zo mota biyu, na Kutama da na Gude suka cika layi. Dattawan kwamiti goma sha biyu babu wanda ya yi fashi. Alhaji na Gude ya ce shi shaida ne tun daga tushe, don haka shinkafarsa kwano biyu ce. Malama Jemimah ta yi anko da 'yan uwan amarya, ita ta riƙe mata mayafi.

Da yamma, kafin a fita da amarya, Gwaggo ta kai ta ɗakin mahaifinta. Ta durƙusa tana kuka, tana jiran nasiha irin wadda ake yi wa kowace amarya. Malam Datti ya yi ta a taƙaice: ta ji tsoron Allah, ta riƙe mijinta da gaskiya, kada ta bar aikinta ya hana ta gidanta, kada kuma gidanta ya sa ta binne abin da ta sani. Gwaggo ta ɗauka ya gama, har ta miƙa hannu za ta ɗaga amarya.

"Saura ɗaya," ya ce. "Kin gaya min gaskiya a tsakar gidan nan, kin rantse, na ƙi yarda. Na bari sai da na'ura ta yi miki shaida. Bai kamata ba. Ki yafe min, Zubaidatu."

"Baba, don Allah ka daina. Ni ce mai godiya. Duk abin da aka gani a saƙon nan, kai ka zuba shi."

Ya ɗora hannu a kanta.

"Na yarda da ke, yau da gobe, ko babu shaida. Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa gidanki ya zama wurin hutawarki, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku abin da kika yi min. Tashi ki tafi, mijinki na jira."

"Amin," in ji Gwaggo. Ta kama hannun amarya ta miƙar da ita, a waje mata suka ɗauki guɗa.